Rubutun Tangaran a Mararrabar Tudun Maje

Rannan na tarar da jikana Abba da abokansa biyu sun haɗa kai a zaure a kan kwamfuta, wai wasa suke ƙirƙira irin na waya. Na leƙa ta bayansu don in ga abin da ya hana su jin kiran salla, sai na ga rubutu a saman allon, kowane harafi an tara shi da 'yan murabba'ai kamar an jera ƙwayoyin sukari. Na ce wa ya zana waɗannan? Abba ya ce, "Kaka, wannan ai ba zane ba ne. Salon tsofaffin wasanni ne ya dawo yayi. Danna-danna ce kawai, ka cike gida ka bar gida. Ko Ummi za ta iya." Ummi ƙanwarsa ce, ba a daɗe da yaye ta ba.

M ɗin da ya yi kuwa ya riga ya rama mini, ya fito kamar H da aka taka wa kai. To amma ku matso, ku da kuke ganin abin banza ne. Wannan cike gida da barin gida da shi na ci, da shi na yi aure, da shi uban Abba ya yi makaranta. Sai dai mu a bango muke yi, da tayil da siminti, kuma in ka cike gidan da bai kamata ba babu maɓallin gogewa, sai guduma.

Aikin farko da na taɓa gani shi ne goshin wani gidan mai a hanyar fita Funtua, cikin shekarun saba'in, lokacin da kuɗin auduga ya haɗu da kuɗin fetur kowa yana son a san ginin nan nasa ne. Ina lebura a wurin, ina ɗaukar yashi. Sai na ga wani mutum gajere ya shimfiɗa takardun buhun siminti a inuwa, ya ja musu layi gida-gida, yana ɗora 'yan ƙananan tayil da ba su wuce faɗin babban yatsa ba. Shi ne Baba Rasaki. Mahaifinsa daga kudu ya zo ta jirgin ƙasa yana fataucin goro, shi kuwa a Funtua aka haife shi, in yana zagin lebura ba ka ce ya taɓa jin wani yare ba. Na tsaya kallo har kwanon yashi ya karkace a kaina. Ya ɗago ya ce, "Kai mai baki buɗe, ka iya boko?" Na ce na yi aji huɗu. Ya ce, "To karanta." Na duba na duba, na ce, "Baba, ai a baibai ka rubuta." Ya yi dariya ya ce, "Kai ne na farko a wurin nan da ya lura. Gobe ka bar yashi ka zo nan."

Dalilin baibai ɗin nan shi ne rabin sana'ar. Fuskar tayil ake mannawa a jikin takarda da ruwan ƙaro, bayansa na kallonka. In ka gama jeri sai ka ɗauki takardar gaba ɗaya ka kifa ta a kan ɗanyen siminti, ka bubbuga da katako. Sai simintin ya kama za ka jiƙa takardar ka ɓare, sannan rubutun ya fito daidai, fuskarsa sumul. Wato duk tsawon aikin ba ka ganin abin da kake yi sai a cikin kanka, ko a madubi. Kayan aikinmu ba su cika jaka ba: cokalin gini, awartaki na gutsure tayil, abin yanka gilashi, igiyar awo, gwangwanin ƙaro, da madubin wani tsohon babur da Baba ya fi ji da shi fiye da hularsa.

Kafin ya bar ni in taɓa tayil sai da na cika littattafan lissafi masu gida-gida da harufa. Gida biyar a faɗi, bakwai a tsaye, a nan kowane harafi zai zauna, ko yana so ko ba ya so. I da L da T ba su da rigima. O sai ka cire masa kusurwa huɗu, ido da kansa zai ƙarasa zagayen. S da R akwai taurin kai. M da W kuwa su ne manyan baƙi, in ka matse musu wuri sai su rikiɗe su koma wani abu. Baba yakan ce gidan da ka bari fayau shi ma rubutu ne, kada ka raina shi.

Wani Alhaji mai sayen auduga ya taɓa kawo mana sa hannunsa a takarda, mai lanƙwasa da jela, wai haka yake so a saman ƙofar gidansa. Baba ya ce, "Alhaji, tayil ba ya lanƙwasa, ni ma da ka gan ni na daina." Alhaji ya ce zai ƙara kuɗi. Baba bai ja da shi ba. Ya sa na jera sunan iri biyu a kan baƙin bargo, ɗaya mai jela ɗaya namu, muka jingina a bango, ya miƙa wa Alhaji kekensa ya ce ya hau ya wuce da gudu, ya waiwaya sau ɗaya tak. Alhaji ya tattare babbar riga ya hau, unguwa ta fito kallo. Da ya dawo yana haki ya ce, "Mai jelar nan kamar kaza ta yi tono. A yi mini ɗayan." Wannan shi muke kira gwajin keke, kuma babu aikin da ya bar hannunmu bai ci shi ba. Rubutun bango ba don mai tsaye ake yinsa ba, don mai wucewa ne.

Haka muka yi ta yi, makarantu da shaguna da gidajen mai, daga Funtua har Malumfashi, har Baba ya sallame ni na fara karɓar aikina. Sai farkon shekarun tamanin suka zo da abin da suka zo da shi. Damina ta yi gardama, kayan waje suka ɗauke daga kasuwa. Tayil ya ɓace, fenti ya ɓace, siminti sai wanda ya san wani. Mutumin da ke neman abin da zai sa a tukunya ba ya neman a rubuta sunansa a bango. Na koma ɗaukar buhu a kasuwar hatsi, awartakina ya yi tsatsa a ƙarƙashin gado. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro a shekarar nan, don na ɗauka sana'ar ta mutu ke nan ina da sauran ƙarfina.

Cikin wannan hali, da bazara, aka aiko mini daga Tudun Maje, ƙauyen mahaifiyata, wai mai unguwa na nemana. Ƙauyen yana can ciki, sai ka sauka daga titin Malumfashi ka bi wata 'yar hanya, kuma irin 'yan hanyoyin nan sun yi yawa a wurin, duk kamarsu ɗaya. Na sauka gidan Inna Delu, yayar mahaifiyata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke noma gonarta, tana yin ƙuli-ƙuli, tana riƙe da jikoki marayu uku. Bakinta kuwa ko mai unguwa yana shakkarsa. Tana ganina ta ce, "Af, ɗan birni, yunwa ta tuna maka hanyar gida?" Ta kai ni bayan ɗaki ta buɗe mini rumbu. Babu komai sai ƙaiƙayi. Ta ce, "Har irin mun cinye. In ruwa ya sauka yau, yatsuna zan shuka."

Mai unguwa ya yi mini bayani a ƙofar gidansa. Ofishin gona kan turo babbar mota da iri da taki sau ɗaya kafin faɗuwar damina, tana bin ƙauyukan da aka rubuta wa direba. Bara ta wuce mararrabarsu ba ta tsaya ba, ta sauke rabonsu a Rafin Maje da ke gaba, kafin a warware magana an rabe. Na ce me ya hana a tsayar da mutum a bakin titi? Ya ce, "Mun tsayar, Iro. Mutum goma ma. A shekarar yunwa direban da ya ɗauko buhuna ya ga taro na ɗaga masa hannu, ai ƙara wuta yake yi. Ba ya karya kwana sai inda ya ga suna irin na takardarsa." Na ce to allo fa? Ya ce sun kafa na ƙarfe, sun kafa na katako. Matsalar ita ce mararrabar tana kan burtali. Duk abin da aka kafa, shanu sai sun sosa jiki da shi har ya faɗi, abin da aka shafa da farar ƙasa kuma su goge shi da gadon bayansu. Ya ce, "An ce kai kana rubutun da ba ya gogewa. In motar bana ta wuce, rabin garin nan sai ƙaura."

Na ce masa gaskiya, babu tayil ko ƙwaya ɗaya a Funtua. Na koma gidan Inna. Ina zaune a ɗakinta tana zuba mini kunu, sai idona ya sauka a kan jerenta. Farantan tangaran ne a kanta, farare tas, sun fi na kowace mace a garin yawa. Kowa ya san tarihinsu. Duk shekarar da gona ta yi albarka, Inna takan je kasuwar Funtua ta sayi faranti ɗaya. Tana iya nuna maka ta ce wannan na shekarar gyaɗa ne, wancan na shekarar da auduga ta yi daraja. Na tashi na ɗauki ɗaya na juya shi, na auna tsakiyarsa da tafin hannuna. Shimfiɗaɗɗe ne, ga ƙyalli, ga tauri.

Ta ce, "Ajiye mini abina. Wannan kallon naka ban yarda da shi ba."

Na ce, "Inna, tangaran da tayil uwarsu ɗaya."

Ta gane kafin in ƙarasa. Ta ce, "La ilaha illallahu. Ka zo daga birni ka fasa mini ɗaki? Tashi ka fita da kunun naka."

Na fita. Washegari na koma Funtua wurin Baba Rasaki, wanda a lokacin ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya nuna mini buhun siminti ɗaya da rabi da ya ɓoye don gyaran ɗakinsa. Ya ce, "Ɗauka. Amma ka ji, yanzu ba kwali kake buɗewa ba. Kowane gida ka cike, farantin wata ne. Bar biyar da bakwai, gwada uku da biyar." Na ce harufa za su shaƙe. Ya ce, "Su shaƙe mana, ai kowa a shaƙe yake bana. Ka dai bar wa M wurinsa."

Ban taɓa zama a kan littafin gida-gida kamar wannan karon ba. Da farko na rage sunan. A takardun ofis ba sa rubuta Tudun Maje duka, T/MAJE suke sawa, ni ma na bi su, don abin da ke hannun direba shi zai nema a bango. Sannan na bi harufan ɗaya bayan ɗaya ina ƙwace musu gidaje. Hannun tsakiyar E na mai da shi dungu. A na cire masa kafaɗu. Karan da ke tsakanin T da M na mai da shi matakala uku. Duk wanda na rage sai in yanka farar takarda in jera a bargo in yi gwajin keke, in ya faɗi in mayar masa da gidansa. Kun ga abin da kuke kira danna-danna.

Da na koma Tudun Maje, mai unguwa ya sa an yi shela, maza suka tara duwatsu muka tayar da guntun bango mai kauri a bakin titi, wanda ko bijimi ya jingina ba zai motsa ba. Amma faranti shiru. Matan garin kowace na jiran ta ga abin da Inna Delu za ta yi. Ni kuwa ban sake yi mata maganar ba, na dai ci gaba da kwana a zaurenta. Ran nan da hantsi hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa, sannan ya watse ba ɗigo. Kowa ya fito yana kallon sama, ba wanda ya san ko ya yi murna ko ya yi kuka. Hadarin na watsewa sai ga Inna ta fito da ƙwarya a kai, ta dire a gabana. Farantanta ne, ta sa tsumma a tsakaninsu kada su fashe a hanya.

Ta ce, "Ga su nan. Yaran nan ba tangaran za su ci ba. Amma wallahi, Iro, in motar nan ta wuce, kai ma ka bi ta, kada ka dawo."

Kafin azahar ƙwarya ta bi ƙwarya. Wata faranti biyu, wata ɗaya mai tsaga, wata amarya ta kawo nata ko abinci ba a taɓa zubawa ciki ba. Yankan tangaran ba kamar na tayil ba ne. Sai ka tsaga layi da abin yanka gilashi, ka bi da awartaki kana gutsura kaɗan-kaɗan kamar ɓera, har ka fitar da murabba'i mai faɗin yatsu huɗu daga tsakiya. Wani farantin ya ba ka biyu, wani ɗaya, wani ya tarwatse a hannunka mai shi tana tsaye tana kallo. Matan da kansu suka karɓi gugar baki, suna goga kowane yanki a dutsen niƙa da ruwa har ya daina yanka, don kada saniyar wani ta ji ciwo a jawo wata fitinar. Bangon kuwa na kwaɓa simintinsa da baƙin garin da ke cikin tsofaffin batura, don farin ya fito.

Na shimfiɗa takardar buhu a zauren Inna na fara jeri da ƙaro. Nan fa magana ta tashi. Wani ɗan mai unguwa da ya yi firamare ya leƙo ya koma ya ce wa mutane ɗan birni ya fasa musu kaya a banza, a baibai yake rubutawa, kuma ya kife fuskar farantan. Kafin in ankara zaure ya cika. Na ce wa Inna ta ara mini madubinta. Na jingina takardar a kan faifan katako, na sa yaron ya juya mata baya, na ce ya duba cikin madubi. Ya karanta T, ya karanta A da J da E. Da ya dawo kan wanda ya tsallake sai ya ce, "Wannan fa? Sanduna biyu ne kawai."

Gaskiyarsa. Farantan sun ƙare, M yana tsaye da ƙafafunsa biyu babu komai a tsakani. Gida uku suka rage, waɗanda ke saukowa su haɗu a tsakiya, su ne ke sa M ya zama M. Duk inda zan ƙwaƙulo na riga na ƙwaƙulo, abin da ya saura a ƙasa gefen faranti ne masu lanƙwasa da ba sa kwanciya. Inna ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ta iya karanta fuska. Ta ce, "Mene ne?" Na ce mata direba zai ga abin da bai tabbatar ba, kuma direban da ya yi shakka ba ya taka birki.

Sai ta shiga ɗaki. Ta fito da wani babban faranti mai tsawo, mai shuɗin fure a tsakiya, wanda ba ya cikin ƙwaryar da ta kawo. Na san shi, a cikinsa take zuba tuwon salla. Shi ne na farko da ta saya, shekarar da ta fara noma gonar da hannunta bayan rasuwar mijinta, lokacin da dangi suka ce mace ba za ta iya ba. Na ce, "Inna, bar wannan. Zan je Funtua in nemo." Ta ce, "Ka je Funtua, motar ta zo ta tarar da sanduna biyu? Ja layinka." Na ja layi uku. Na ɗauki awartaki, sai ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Ba kai ba. Nuna mini inda zan kama." Na nuna mata. Ita ta yi gutsurar farko, ƙarar ta cika zauren, sannan ta miƙo mini ta fita waje. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, har na ji na tsani sana'ar. Amma farantin ya ba da uku cif, na tsakiyar da furen a jikinsa.

Muka ɗauki takardar a kan ƙyauren ƙofa, mutum huɗu, zuwa bakin titi. Na shafa siminti, muka kifa, na bubbuga. Daga nan babu abin gani sai takardar buhu manne a bango, gari guda na zuwa kallonta suna komawa. Da simintin ya kama na jiƙa ta da ruwa na kama kusurwa na ja a hankali. T ya fito, fari a kan baƙi, rana ta doke shi. Matan suka matso. Ba mai karantawa a cikinsu, amma kowace ta gane nata. Wannan ta ce ga nawa a ƙafar wancan, waccan ta ce nata ne a sama. Har yau tsofaffin garin ba sa cewa J, cewa suke yi na amarya. Da yamma garke ya biyo burtali, wani bijimi ya tsaya ya sosa wuyansa son ransa ya wuce. Na je na shafa, ko ɗaya bai motsa ba.

Saura mota. Na roƙi mai unguwa abu ɗaya, kada kowa ya tsaya a bakin titi, kada a ɗaga hannu, a bar rubutun ya yi magana shi kaɗai. Wannan ya fi fasa farantan wuya. Kullum mutane na zaune can nesa a ƙarƙashin itatuwan maje, duk motar da ta taso sai a miƙe, mai unguwa na daka tsawa a zauna. Hadari kuma kullum sai ya haɗu. Inna ta daina yi mini magana, abinci ma jikarta take ba wa ta kawo mini.

Ranar da ta zo, bayan azahar ne. Gingimari ce rufe da tamfol, ta taso daga wajen Funtua da gudunta. Muna kallo ta iso mararraba, ta wuce. Na ji wata mata a bayana ta ce, "Shi ke nan." Ni kuwa na kasa ko waiwayawa in dubi Inna. Sai muka ji ƙarar birki, doguwa, har tsuntsaye suka tashi. Motar ta tsaya can gaba. Karen mota ya diro yana buga mata gefe, ta fara ja da baya, ta dawo, ta karya kai ta shigo hanyarmu.

Direban mutumin kudu ne, mai Hausar tasha. Ya leƙo ya ce, "Nan ne Tudun Maje, ko? Tun daga gada na hango abu yana walƙiya, na karanta, amma kaya ya yi nauyi, mota ba ta tsayawa nan take. Wane ne ya yi wannan rubutu?" Kafin in buɗe baki Inna ta ratso mutane ta ce, "Mu ne. Sauke mana kayanmu." Aka sauke iri da taki a ƙofar gidan mai unguwa. A makon nan ruwa ya sauka, kuma Inna Delu ba yatsunta ta shuka ba.

Daga wannan aikin sana'ata ta farfaɗo ta wata ƙofa. Ƙauyukan kan hanya suka riƙa aiko mini, ina yi musu da fasassun tangaran da nake tsinta a kasuwa, har tayil ya dawo. Harufan uku da biyar ɗin nan ban sake yar da su ba. Jiya na zana wa Abba su a takarda, ya shigar a kwamfutarsa, ya ce sun fi nasa fitowa a ƙaramar waya. Na ce ya dai gyara M. In kun bi hanyar Malumfashi ku rage gudu a mararrabar, bangon na nan, an sake masa shafe amma farantan su ne, za ku ga shuɗin fure a tsakiyar M.

Da kaka ta yi a waccan shekarar, ina zaune a ƙofar shagon Baba Rasaki sai ga Inna Delu ta fito daga kasuwa da ƙunshi a hammata. Ta gaishe da Baba, ta zauna, ta kwance zanen a hankali. Faranti ne sabo, fari, ɗan ƙarami, guda ɗaya. Na miƙa hannu in gani, ta doke mini shi.

Ta ce, "Da ido ake kallo. Wannan na shekarar rubutu ne. In ka kuskura ka zo kusa da shi da awartakin nan naka, Iro, hannunka zan fara gutsurewa."

Ta naɗe abinta ta sa a hammata, ta tafi neman motar gida.